Farin Ƙyallen Baba Makanike

"Ya ƙara taka totur," in ji Baba Makanike daga taga. Muryarsa ba ta kai tsakar gida ba, sai da matarsa Inna ta leƙo ta maimaita.

Maman Tsuntsuwa tana tsugune a bayan motar mijinta, ta kara farin ƙyalle a bakin salansa, ta kawar da fuska gefe. Mijin ya taka. Motar ta yi gurnani, ta feso baƙin hayaƙi har ya rufe mata hannu zuwa gwiwa. Bai tsaya nan ba. Ya bi bango ya hau a hankali, ya kai wata 'yar taga da ke buɗe a sama, ya shige kamar wanda ya saba da hanya. A ƙarƙashin wannan taga, daga ciki, gadon 'yarta yake.

Ta bi hayaƙin da ido har ya gama shigewa. Yarinyar ba ta ɗakin, tun da farko ta kai ta can bayan gida wurin maƙwabciya ta ja ƙofa.

"Ya isa," in ji Inna. "Ya ce ki kawo masa ƙyallen."

Wata huɗu ke nan da yarinyar ta fara tari. Shekararta biyu da rabi, ƙirjinta yana fito in tana numfashi, shi ya sa Baba Makanike ya laƙaba mata Tsuntsuwa, sunan ya bi ta har ya shafi iyayenta. A asibiti aka ba ta maganin shaƙa, ma'aikaciyar jinya ta ce a raba ta da hayaƙi, a riƙa barin taga a buɗe don iska. Uwar ta dawo gida ta tsaya a ƙofa tana duban inda hayaƙi yake, ba ta sha wahalar nema ba. Rumfar Baba Makanike tana jingine da katangar gidan hayar nasu, shekara talatin da wani abu yana gyaran motocin dizal a wurin, ƙasar ta yi baƙi ƙirin. Ba ta yi masa magana ba, don tana jin nauyinsa. Shi ne ya gyara mata keken ɗinki kyauta, shi ne yake ajiye wa yarinyar murfin kwalba tana wasa. Sai ta zagaya ta je wurin mai gidan haya, sau uku tana zuwa, na ukun da takardar asibiti a hannu. Kafin wata ya ƙare aka kwance rumfar. Tsohon ya kwashe sifanoninsa a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado, bai ce wa kowa uffan ba.

Bayan mako biyu ya kwanta. Dama ya daɗe yana tari irin na mutanen da suka tsufa a bayan salansa, amma yana ajiye aiki sai ciwon ya samu wurin zama. Kwanan baya Inna ta jawo gadonsa kusa da tagar da ke kallon tsakar gida don ya riƙa ganin mutane.

Tarin Tsuntsuwa kuwa bai ragu ba ko kaɗan.

Jiya da yamma Inna ta same ta a wurin shanya ta ce Baba yana son ganinta. Ta shiga, ta ɗauka maganar rumfa ce. Sai ya tambaye ta, da sassafe in maigidanta ya tada mota, ita tana ina? Ta ce tana layin famfo a bayan gida, don ruwa ba ya wuce ƙarfe bakwai. Ya ce to gobe ta bar ruwan, ta zo ta riƙe masa ƙyalle.

Yanzu ga ta ta shigo da ƙyallen, mijinta yana biye da ita yana goge hannu a wando. Ɗakin yana warin man zafi da tsohon ƙarfe. Baba ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa tsakiyar hannu. Ya karɓi ƙyallen, ya ɗaga shi saitin haske, ya murza baƙin da yatsu biyu, sannan ya kai hanci.

"Haba Baba, kai da ba ka da numfashi," in ji Inna.

"Hancin dai bai yi ritaya ba." Ya miƙa wa Maman Tsuntsuwa. "Taɓa, 'yata. Da maiƙo?"

"Babu. A bushe yake, kamar na gindin tukunya."

"Madalla. To ki riƙe wannan, don direbobi ba sa jin magana." Ya harari mijin, mijin ya yi murmushin yaƙe. "Hayaƙi uku ne. In kin ga fari mai kauri, bai daina ba bayan inji ya yi zafi, lagireto kuma kullum yana neman ruwa, to ruwa ya shiga inda ba a gayyace shi ba. In shuɗi ne, ƙyalle ya yi maiƙo, baƙin mai take ƙonawa, ringinta ya tsufa kamar ni." Tari ya kama shi. Inna ta tallafe masa baya, suka jira. Ya daɗe kafin ya dawo. "Baƙi kuwa, mai ne ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Abin da ba ta iya ƙonawa ba shi take zubarwa ta baya. Kai, tana shan mai ko?"

"Kamar ana zuƙe mata," in ji Baban Tsuntsuwa. "Tankin da da yake kai ni ya dawo da ni, yanzu a hanyar dawowa yake ƙarewa. Ga shi ba ta ja a hawa. Na canza matatar iska makon jiya, ba ta sake zani ba. Makaniken tasha ya ce famfon mai ne, sai an sauke."

"Wanda yake sa tabarau a goshi?"

"Shi."

"Wannan ko ciwon kai ka kai masa, famfo zai sauke maka." Ya rufe ido. "Kullum minti nawa kake barinta tana ɗumi?"

"Ashirin, wani lokaci ya fi. Aka ce dizal sai ta yi ɗumi sosai."

"Da gindinta a bangon ɗakinku."

"Ta nan ta fi sauƙin fita, Baba."

Maman Tsuntsuwa tana kallon ƙyallen da ke hannunta. Wata huɗu tana barin taga a buɗe kamar yadda aka ce mata, tana ɗaukar bokiti ta tafi, ta dawo ta tarar da yarinya tana haki, ɗaki yana wari, ta leƙa waje ta harari katanga. Mai ɗaki aka ce shi ya san inda yake masa yoyo, ita nata ɗakin sai da mara lafiya ya nuna mata daga kan gado.

"Koma ka tada ta," in ji Baba. "Ka taka a hankali har sama, sannan ka saki. Ku yi mini shiru."

Mijin ya fita. Inji ya tashi, ƙara ta yi ta hawa. Tsohon ya karkata kai, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Kin ji?"

Ba ta ji komai ba sai ƙara. Ya ce a sake. A karo na biyu ta kama shi, wani siririn fito can ƙarƙashin rurin injin, yana zuwa in an taka, yana ɓacewa in an saki. Ta san irin wannan sauti fiye da kowa a gidan, don da shi take kwana.

"Tana fito," ta ce.

"Ciwonmu ɗaya mu uku, ni da ita da Tsuntsuwa," in ji Baba, yana dariyar da ba ta da sauti. "Iska ce ba ta isar mu. Ita dai tata da magani. Ya kashe ta, ku bari ta huce sosai, kada wani ya ƙone mini hannu. Akwai wani tiyo mai kauri da ya taso daga tarbo, shi yake kai wa inji iska. Ku bi shi da hannu ta ƙasa, ba ta sama ba. Ta sama kullum lafiya lau yake."

Suka jira har rana ta hau katanga. Mijin ya ɗaga bonet, ya cusa hannu, hannun ya tsaya a wuyan hannu. Ya juya ta nan, ya juya ta can, ya fito da ƙujewa a bayan yatsu. Matar ta cire zobe ta ba shi, ta naɗe hannun riga.

"Ke kuma me kika sani a mota?"

"Abin da ka sani a ɗinki. Matsa."

Hannunta ya shige. Ta bi tiyon a hankali kamar mai laluben ɗinkin da ya warware a cikin matashi. Robar tana da santsi, sai can wajen lanƙwasa ta ji danshi, ta danna, yatsanta ya nutse cikin wata tsaga mai tsawon ɗan yatsa. Ta zaro hannu baƙi da maiƙo, ta ɗaga wa taga. Daga ciki wani siririn hannu ya ɗago, ya koma.

Tiyon bai samu a shagunan kusa ba, mai kayan gyara ya ce sai nan da kwana uku. Baba ya hana a naɗe tsagar da roba, ya ce ƙarya ce, kafin a kai bakin titi za ta buɗe. Daga ranar motar ta koma kwana a waje, can ƙarshen layi kusa da mai gadi. Ya kuma ce wa mijin minti biyu ya ishe ta ɗumi, sauran ta yi shi a kan hanya, ya duba iskar tayoyi, ya sauke tarkacen ƙarafan da yake yawo da su a but ɗin bayan motar shekara da shekaru.

Washegari Tsuntsuwa ta tashi da tari, amma sau biyu kawai aka yi mata shaƙa. Rana ta biyu sau ɗaya. Uwar ba ta gaya wa kowa ba, tana tsoron bakinta.

A ranar ta biyun ne ta dafa shayi ta kai ɗakin Baba da hantsi. Inna ta fita karɓo magani. Ta zauna a kan akwatin ƙarfen da aka jawo daga ƙarƙashin gado, ta riƙe masa kofin. Ya kurɓa sau biyu ya kawar da kai. Leɓɓansa sun yi duhu, kowace kalma sai ya tsaya ya nemo mata iska.

"Baba," ta ce, "akwai maganar da nake so in faɗa maka."

"Ta rumfa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Mai gidan hayar nan ba ya iya riƙe magana, 'yata. Tun ranar farko ya faɗa mini."

"Ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? Uwa ta ga 'yarta ba ta numfashi." Ya huta. "Likita ya shekara biyu yana cewa in rufe wurin nan, ban ji ba. Innarku ta yi kuka, ban ji ba. Ke sau uku kika je aka gama. Da ke aka bai wa asibitin, da an huta."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta. "Ba kai ba ne, Baba. Ashe tamu ce."

"Ni ma nawa hayaƙin ba turare ba ne. Kada ki wanke ni da yawa." Ya juya ido wajen taga. "Kuma ina rumfa ban taɓa ganin abin nan ba, lokacin ina can bakin titi wurin mai shayi. Sai da na kwanta a nan. Kwana goma ina kallonsa yana hawa bango kafin kaina ya kawo. Tsufa ke nan. Da can da ƙara kaɗai zan gaya miki."

Ta share fuska da gefen mayafi. Ya nuna akwatin da take zaune a kai, ya ce ta buɗe. A saman sifanonin akwai fararen ƙyallaye a ninke, sun kai goma, duk an yanke su daidai da tafin hannu biyu, an kalmashe bakinsu da zare.

"Ɗauki ɗaya. In an sa tiyo, kada ku gwada da yamma. Ku bari sai da safe, inji mai sanyi shi yake faɗin gaskiya. Ku shigo da ita nan gindin taga in ji da kunnena. Ki kai Tsuntsuwa baya tukuna."

"To, Baba."

"Kuma kada ki sa rai zai fito fari fat. Dizal ba ta barin ƙyalle fari. In ya yi ruwan toka kaɗan, an gama."

Tiyon ya iso rana ta uku da la'asar. Mijin ya ɗaura shi a bakin layi, ita ta cusa hannu ta riƙe masa ta ƙasa yana ɗaure zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyon. Kafin magariba ya shigo da motar tsakar gida, ya juya gindinta wajen ƙofar fita, ya tsayar da ita daidai tagar Baba. Ta leƙa don ta gaya masa. Yana barci a jingine da matasai uku, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa yana hawa da sauka da sauri. Inna tana zaune a gefensa tana masa fifita, ta girgiza mata kai a hankali.

"Da safe," in ji Inna. "Yau bai samu barci ba sai yanzu."

Da safe ba ta je famfo ba. Ta goya Tsuntsuwa, ta sa ƙyallen a aljihun riga, ta fito don ta kai ta bayan gida. Sai ta ga labulen tagar a sauke. Tun da aka jawo gadon nan ba a taɓa sauke shi ba. A ƙofar ɗakin akwai takalma guda huɗu da ba ta sani ba, Inna kuma tana zaune a dokin ƙofa, hannayenta a kan gwiwa, babu mafici.

"Inna?"

"Ya tafi, 'yar nan. Gari yana fara haske."

Ta durƙusa a gabanta da goyo a baya. Ta yi salati, ta ce Allah ya jiƙansa. Tsuntsuwa ta leƙo ta kafaɗarta tana miƙa hannu wajen taga, tana kiran Baba ya ba ta murfi. Inna ta kama ɗan hannun ta riƙe.

Kafin ƙarfe takwas gida ya fara cika, ana neman wurin shimfiɗa tabarmi, ga mota ta tare rabin tsakar gida. Baban Tsuntsuwa ya fito da makulli, ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya kai hannu. Ya daɗe a haka yana kallon labulen. Sai ya zare makullin, ya sauke birki, ya fito ya sa kafaɗa a jikin ƙofa. Wani tela da mai shayi da wasu direbobi biyu da suka zo gaisuwa suka taso ba tare da an kira su ba. Suka tura ta, ta wuce ƙarƙashin tagar babu ƙara sai ƙasa da take murƙushewa a ƙarƙashin taya, ta fita ƙofa, suka kai ta har ƙarshen layi.

Ita ce motar da za ta ɗauki dattawan da ba za su iya tafiya maƙabarta da ƙafa ba. Da lokacin ya yi, Maman Tsuntsuwa ta bar yarinyar a wurin maƙwabciya, ta bi mijinta zuwa bakin layi. Ya dube ta, ya dubi ƙyallen da ke hannunta, ya shiga motar. Ta tsuguna a bayan motar ta kara ƙyallen.

Inji ya tashi. Wani ɗan hayaƙi ya fito ya baje nan take. Ya taka a hankali har sama, ya saki. Ta kasa kunne, ta jira. Ya sake takawa. Babu fito.

Ta dawo gida da ƙyallen a dunƙule cikin hannu. Mata sun cika ɗakin Inna, an ɗage gadon an jingine da bango, inda ƙafafunsa suka zauna ya bar alama huɗu a siminti. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta san abin da ya kawo ta da shi ba, ta fara mayar da hannu aljihu.

"Mene ne wannan?" in ji Inna.

"Ba komai, Inna. Na mota ne."

"Kawo."

Ta ratsa tsakanin matan ta miƙa mata. Idon Inna ya daɗe da yin rauni, ba ta ɗaga shi saitin haske ba. Ta shimfiɗa shi a cinya, ta murza tsakiyar da yatsu biyu, ta kai hanci, ta ɗan jima.

"Shekara arba'in ina wanke masa su," ta ce. "Wannan ko sabulu ba ya so. Ta gyaru."

Ta ninke shi huɗu, ta miƙa hannu ta ɗage labulen, ta ajiye shi a kan dakalin taga, ta ɗora agogonsa a kai don kada iska ta ɗauke.

Da azahar gida ya yi tsit, maza ba su dawo ba tukuna. Maman Tsuntsuwa ta kwantar da yarinyar a gadonta, ta hau kujera ta tura 'yar tagar sama ta buɗe gaba ɗaya. Ta sauko ta zauna a ƙasa, ta kara kunne kusa da ƙirjin. Yarinyar tana barci bakinta a rufe, murfin kwalba a dunƙule a hannunta. Ta ƙofar da ke buɗe ana hango tagar Baba a ɗaya gefen tsakar gida, da ƙyallen a kai, gefensa ɗaya yana ɗagawa yana komawa.